Jan Zare Ko Shuɗi

Jama'a, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, yau na yi alƙalanci a Kawo!

Ina ɗaukar hoton tsuntsaye, sai ga dattawa biyu suna rigima kan wata tantabara a saman tankin ruwa. Malam Sani ya ce tasa ce, jan zare ya ɗaura mata a ƙafa. Baba Iliya ya rantse tasa ce, zaren shuɗi ne.

Baba Iliya ya juyo gare ni. "Kai ɗan boko, kyamarar nan na hangen nesa?"

Na ce e, tana jawo abu kusa. Na ɗauki hoton ƙafarta.

Zaren kore ne!

Mai shayin gefe ya ajiye kofi. "Wata biyu ina nemanta! Cikinku wa ke zuba mata dawa?"