Zanzaro a salansar Malama

Shekarunta sittin da huɗu, tsohuwar malamar firamare ce, kuma a layinsu babu janaretan da ya kai nata tashi a ja ɗaya. Kowa Malama yake ce mata, har mijin.

Ba don fanka take wannan wahala ba. Maigidan yana da ciwon suga, allurarsa kuma sai a firji. Idan ta yi zafi ta lalace, likita ya faɗa musu tun ranar farko. Shi maigidan tsohon direba ne, ya san inji ciki da waje, amma idonsa ya yi rauni. Sai suka raba aiki: shi kunne, ita hannu. Yana zaune a kujerar roba zai ce fulogi ya yi datti, ta kwance ta goge.

Duk Asabar da hantsi takan tayar da injin minti goma, ko da akwai wuta. Ba ta kashe shi da makunni. Famfon mai take rufewa, ta bar shi ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa, don kada fetur ya kwana ya daskare. Matar maƙwabci takan leƙo ta katanga ta tambaya ko yau ma ɗalibin nata ya zo aji.

Sau ɗaya ta yi sakaci. Bara wuta ta zauna wata biyu cur, Malama ta lulluɓe injin da tsohon zane ta manta da shi. Ranar da aka ɗauke, da rana tsaka, ta ja igiya har kafaɗa ta amsa. Ya yi tari biyu ya yi shiru. Firji ya fara zufa. Ta naɗe allurar a jiƙaƙƙen tsumma, tana lissafin awanni a ranta.

Maigidan ya ce ta sake ja, ya karkata kunne.

"Malama, wannan ba yunwa yake ji ba. Numfashi ya kasa fitarwa. Leƙa bayansa."

Ta leƙa. Zanzaro ne ya gina ɗakin laka a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya toshe shi tsaf. Da wayar rataye kaya ta rushe ginin, a ja na biyu inji ya kama. Har yau maigidan yana ba baƙi labarin ɗan hayan da matarsa ta kora ba sanarwa.

Tun daga nan ba ta ƙara tsallake Asabar ba, kuma kafin ta taɓa igiya sai ta duƙa ta duba salansa.

Kafaɗar ce yanzu ta fara gardama. Asabar ɗin da ta wuce ta kira matar ɗanta wurin injin, ta nuna mata famfon mai da ma'aunin baƙin mai, ta miƙa mata wayar share salansa. Yarinyar ta ja igiya sau ɗaya, injin ya tashi. Maigidan ya ce daga kujerarsa an ci jarrabawa. Malama ta ce da saura, ta sa ta kashe ta sake daga farko.