Ɓarin da Ke Cikin Katin Inna

Ni dai tun ina yarinya ba na yarda da abu da wuri. Ko mai nono ta ce min na yau ne, sai na ɗanɗana. Shi ya sa ranar da aka ce asibitin da Inna ke zuwa ya daina aiki da takarda, komai ya koma kwamfuta, na ce to, an fara.

Inna mahaifiyata ce, hawan jini ke damunta, kuma ni ke raka ta duk wata daga Limawa a keke napep. Wata Talata muna kan benci sai ga wata budurwa da ƙaramar kwamfuta a hannu. Ta ce daga jami'a suke, bincike suke yi su ga ko abin da aka kwashe daga tsofaffin fayil ya shiga na'ura daidai. Za ta karanta, mara lafiya ya ce e ko a'a. Hausarta irin ta 'yan kudancin Kaduna ce, ga fara'a. Fara'ar ce ma ta ƙara sa ni tsarguwa.

"Ina za ku kai bayanin?" na tambaye ta. "Wa zai gani?"

Ta yi min bayani har sau biyu, ta ce babu sunan da zai fita, kuma wanda bai so ba, ba dole. Inna ta zungure ni. "Ke dai kin cika bin ƙwaƙƙwafi. Bar yarinya ta yi aikinta."

Muka koma gefe. Ta fara tambaya ko Inna kaɗai ke amfani da katin, Inna ta ce e. Hawan jini, e. Ciwon gwiwa, e. Sai ta rage murya.

"Mama, an rubuta kin taɓa kwana biyu a nan, ciki ya zube."

Ta faɗi shekarar. Ban san lokacin da na yi lissafi ba: shekara biyu ke nan bayan rasuwar Baba, kuma Inna ba ta sake aure ba. Raina ya ɓaci, amma har da ɗan jin daɗi, don ga na'urar tasu na kama ta da ƙarya. Na buɗe baki zan wanke yarinyar nan tas, sai na ji muryar Inna.

"Haka ne, 'yata. Wuce na gaba."

Muka hau keke muka koma gida. Ni kuwa daga ranar zargina ya tashi daga kan kwamfuta ya sauka kan uwata. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Na shiga tuno mazan da ke shigowa gidanmu a wancan lokacin, ina makarantar kwana. Ƙanin Baba da ke kawo mana doya. Mai gidan da muke haya. Har wani tsoho mai gyaran keken ɗinki ban ƙyale ba. In Inna ta yi dariya a waya, sai in kasa kunne. In na kai mata abinci, sai in ajiye in fita, ni da nake zama mu ci tare. Sati uku ina haka.

Ranar wata Asabar tana tsince shinkafa a tire, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Zauna. Tambayi abin da ke cinki."

Na tambaya. Na ce cikin nan da ya zube, na wa ne?

Ta ce, "Kin tuna inda nake ajiye katin asibiti?"

Na tuna. Cikin wata tsohuwar samira a saman kabad. Na kuma tuna abin da na manta: katin nan ba na Inna kaɗai ba ne. A gidan hayarmu, da Musulmi da Kirista, duk macen da ciwo ya kama ba shiri sai ta zo ta ce, "Inna, ara min kati." Buɗe sabon fayil yini guda ne a layi, kuma babu hoto a jiki, in an kira sunan Inna sai mai ciwo ta amsa. Ni kaina an taɓa cire min haƙori da shi.

"Wata yarinya ce," in ji Inna. "Ba ta da aure. Jini take zubarwa, in na tsaya neman suna da na uba, da ta mutu. Na ba ta nawa."

"Wace ce?"

"Ba za ki ji a bakina ba."

Na ce to mu koma a gyara, ai ba daidai ba ne a bar abin da bai same ta ba a cikin tarihin lafiyarta, likita na iya dogara da shi. Ta ce haƙorin da aka cire min da duk wani ciwon aro in je in faɗa musu, su goge. Wannan kuwa a bar shi. In ta ce ba nata ba ne, wani zai tambayi na wa ne, ga shi yarinyar tana ɗakin mijinta a garin nan da 'ya'ya manya.

Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi. Na ce, "Wallahi Inna, kwamfutar nan ce ta so haɗa mu."

Ta ajiye tiren, ta dube ni sosai. Idonta ya kawo ruwa, abin da ban gani ba tun zaman makokin Baba.

"Kwamfuta ba ta san ni ba," ta ce. "Abin da aka ba ta shi ta riƙe. Ke kuwa ni na haife ki, kuma sati uku kika yi ba ki ci abinci da ni ba."