Ranar da Baba ya kai ni Ribah kan maganar zuwa Chaina

Shekarun baya na samu gurbin karatun likita a Chaina. Ina ta tsalle, amma mahaifina, tsohon soja da ya taɓa yin kwas a Amurka, sai ya ɗaure fuska. Kullum yana ji a rediyo cewa ƙasashen biyu ba sa ga maciji. Tsoronsa kada rigima ta ɓarke ina can. Ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji ta bakin tsohon ogansa.

Ran Lahadi da aka tashi daga coci ya goya ni a babur daga Zuru har Ribah. Muka tarar da dattijon yana gyaran rumbu. Baba ya ƙame ya sara masa, sai ka ce ba su yi ritaya ba.

Ni da aka zo shawara a kaina, sai na ɓige da tambayoyi.

Na dubi dattijon na ce, "Baba, wai mu Najeriya ɓangaren wa muke?" Lokacin na ɗauka abin kamar ƙwallo ne, kowa da kulob ɗinsa.

Dattijon ya yi dariya. "'Yata, ni Ingila aka tura ni kwas, abokina aka tura shi Rasha. Muka dawo bariki ɗaya, muna ci a kwano ɗaya. In wannan ya hana mu kayan aiki, sai mu ƙwanƙwasa ƙofar wancan."

"Ba sa jin haushi?"

"Suna ji mana. Amma su ma suna son manmu da kasuwarmu."

"In suka ce dole mu zaɓi ɗaya fa?"

Ya ce, "Wannan ban sani ba. Ba mu kai su ƙarfi ba, amma mun fi ƙarfin a sa mu a aljihu." Sai ya juya wajen Baba. "Saje, bar yarinya ta tafi. Mara lafiya ba ya tambayar inda likita ya yi karatu."

"An gama, Oga," in ji Baba. Washegari ya sa hannu.

Yau ina aiki a asibiti. Na'urar daga wata ƙasa, maganin daga wata, allurar riga-kafi daga abokiyar hamayyarsu, duk a ɗaki ɗaya. Amma tambayata ta ƙarshe har yanzu ban samu mai amsa min ita ba. Duk lokacin da labaran duniya suka yi zafi nakan kira Baba in sake yi masa ita.

Sai ya ce, "Ke dai je ki duba marasa lafiyarki."