Kukar da Ta Faɗa Kan Katanga

Zayyanu yana jiran a gama yi wa babur ɗinsa faci a Kwargaba, idonsa na kan wani dattijo a ƙetaren hanya. Iskar ruwan jiya ta tumɓuke kukar ƙofar gidan mutumin, ta kwantar da ita a kan katanga, har ana hango turmi da shanyar tsakar gida ta inda ginin ya zube.

Dattijon gajere ne, gemunsa fari fat, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Matan unguwa sun cika wurin da kwanduna suna tsinkar ganyen miya, bai hana kowa ba. Sai dai babu mai ɗaga gatari, don itacen kuka ba ya cin wuta, ba ya yin azara. Ganyen zai ƙare yau, a bar shi da gungumen.

Hannuwan dattijon duk sun yi kanta. Zayyanu yana zaton 'ya'yansa maza sun yi nisa, don ba wanda ke tsaye kusa da shi. Dattijon yana ɓare ɓawon kukar da wuƙa, yana zaro zare, yana murza igiya a cinyarsa.

Wani maƙwabci ya tsaya. "Baba Yari, mi za ka yi da igiya, ga katanga ƙasa?"

"Zana ni ka son ɗamrewa," in ji dattijon, bai ko ɗago ba. "Iyali na ciki, duk mai wucewa na ganinsu. Ita ko kukag ga ba inda za ta, ta jira rani."