Launin Tiyon Gidan Gwaggo Lantana

Alassane ɗan Zongon Kwatano ne, a wani lungu bayan masu goro aka haife shi. Mahaifinsa mutumin Gaya ne, fataucin albasa ya kawo shi ya zauna. Duk 'yan gidansu kasuwa suka bi, shi kaɗai lakwal, wato makarantar boko, ta riƙe, domin ko an ba shi tsaron rumfa sai a dawo a tarar ya cika kwalayen kaya da zanen gidaje, masu saye sun gaji da sallama sun wuce. Da ya gama koyon zanen gini ya sami aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, wajen unguwar Saint-Michel. Mutanen unguwa ba su taɓa gane aikinsa ba. Sun dai san yana fita da riga mai guga, kuma idan wayar mutum ta ƙi kunnuwa shi ake kai wa.

Aikin nasa shi ne gina gida a kwamfuta kafin a sa bulo ko ɗaya. Shi ke zana bango da ƙofa da matakala. Tiyon ruwa da hanyoyin iskar sanyi kuwa aikin wata injiniya ce mai suna Imane, a wani biro dabam. Ita ke turo zanenta, shi kuma ya jona shi da nasa, yana ganinsa amma ba ya iya taɓa ko gwiwar tiyo ɗaya. Abin da manhajar ta yarje masa shi ne sauya launin da tiyon ke fitowa da shi a allonsa. Zanen Imane toka-toka yake zuwa, a cakuɗe kamar taliya, sai Alassane ya zauna ya raba: ruwan sanyi shuɗi, ruwan zafi ja, na ƙazanta ruwan ƙasa, iska kore. Duk mai aikin gini haka ya san su. Wannan ɓangaren ya fi so a aikinsa, har yakan yi shi yana 'yar waƙa.

Yana cikin haka ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Lantana, ta yanke shawarar rushe tsohon gidanta ta tayar da bene. Mai sayar da atamfa ce a kasuwar Tokpa, irin wadda za ta dubi mace sau ɗaya ta gaya mata turmin da zai karɓe ta, kuma ba a musu da ita. Ta ce ba za ta kai aiki wani wuri ba ga ɗanta. Ranar da ta zo ganin zanen, ta sauka daga zemijan tana faɗa da mai babur ɗin, ta shigo ta mamaye kujerar shugaban biro.

Alassane ya nuna mata falo, ya nuna ɗakuna, ta gyaɗa kai. Kuskurensa shi ne da ya ɗaga bangon a allo don ya burge ta. Tiyo suka bayyana kala-kala. Ta sa tabarau ta tambayi wancan mai ruwan ƙasa da ya ratsa saman falonta. Ya gaya mata gaskiya, na bayi ne.

"A saman kaina? Da wannan launin?"

Ya yi mata bayani cewa a cikin siminti zai kwanta, babu idon da zai gan shi, kuma launin na allo ne kawai, ainihin tiyon yadda aka sayo shi haka zai zauna. Ta ce ita ma shimi babu mai gani, amma ba ta taɓa sa wadda ba ta dace da zaninta ba. Ta ja kujera kusa da shi ta ce ya buɗe mata launukan.

Rabin yini suka yi. Tiyon bayi ya koma ruwan zinare. Iska ta koma ruwan hoda. Da aka zo kan ja da shuɗi ta ce ja ya yi kaɗan a gidan, shi ne kuma launin da ya fi ɗaukar ido, a ba dogon layin ruwan sanyi da ya zaga ko'ina, shuɗin a kai shi gajeren na ruwan zafi. Alassane ya ga babu illa. Ya yi mata shafi nata dabam, ya bar shafin aiki yadda yake, ya buga mata a babbar takarda don ta ce za ta nuna wa maƙwabtanta na kasuwa. Ta nuna musu kuwa, har wata ta tambaya ko akwai turminsa.

Gini ya tashi. Da lokacin sa tiyo ya yi, Gwaggo ta kawo nata plombiye, Muktar, mutumin unguwar Ladji, wanda ya daɗe yana gyara mata famfo. Alassane ya ba shi takardun aiki, amma ruwan sama ya jiƙe su a jakar babur. Muktar bai so ya koma biro ba, ya gaya wa Hajiya Lantana, ita kuwa ta ciro tata daga ƙarƙashin atamfofi ta ce ga wadda ta fi kyau. Muktar ya bi layi daidai, bai kauce ba. Da ya hau saman bene inda tankin ruwa yake kusa da na'urar ɗumama ruwa mai aiki da rana, ya yi abin da ya saba: ja ya haɗa da zafi, shuɗi da sanyi.

Ranar tarewa aka yi walima bayan azahar, rana ta gama dafa ruwan. Wanda ya fara shiga bayi wani dattijo ne abokin marigayi mijin Gwaggo. Ya ɗan jima, ya fito yana share gumi, ya zauna. Can ya raɗa wa na kusa da shi cewa gidan Hajiya ko masai tururi yake yi. Wata baƙuwa ta tara kofi a famfon kicin ta kurɓa, ta ajiye a hankali ta nemi ganyen shayi. A famfon ƙofar gida, wanda Gwaggo ta sa don masu alwala, layi ya fara tsawo.

Aka kira Alassane daga wajen rabon shinkafa. Ya murɗa famfon sanyi ya janye hannu, ya murɗa na zafi ya ji kamar randa. Ya hau sama da Muktar, Muktar ya zaro takardar daga aljihu ya shimfiɗa, yana nuna jan layi da yatsa, yana cewa a nuna masa inda ya kauce. Alassane ya ga ruwan zinare da ruwan hoda, ya zauna a kan bulo. Ya buga wa Imane waya ya faɗa mata. Ta yi dariya har wayar ta katse, sannan ta sake kira ta ce mahaɗa biyu ne kawai a sama, a musanya su.

Gwaggo ba ta yarda laifin launinta ba ne. Ta ce masa:

"Kai ka ce min na allo ne kawai."

"Na allo ne, Gwaggo. Takardar ce ta fita daga allon."

Washegari Muktar ya zo gyara, ya tarar da dattawan masallacin lungu suna jiransa. Suka roƙi Hajiya a bar musu famfon waje yadda yake, saboda gwiwa da sanyin damina. Ta amince, Muktar ya ja musu layi na musamman, ya haɗa da na sanyi don kada wani ya ƙone.

Alassane ya buɗe biron kansa a Zongo daga baya, a ƙasan benen Gwaggo. Matan Tokpa da ke gini wurinsa suke zuwa, kowace ta zaɓi launin tiyonta, ya buga mata ta tafi da shi. Sai dai ba ya miƙa takardar sai ya rubuta a tsakiyarta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci, cewa wannan ta kallo ce, kada a ba plombiye.