Wasan da Inna A'i Ta Ƙarasa

Khairiyya Iliyasu 'yar Wurno ce, a ƙasar Birnin Kudu. Mahaifinta, Malam Iliyasu, manomin riɗi ne da gero. Mahaifiyarta, Inna A'i, kurma ce tun tana ƙarama, wani zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da jinta. Saboda haka a gidansu ba a cika magana da baki ba. In ruwa ya ƙare a randa, ko baƙo ya yi sallama, da hannu ake faɗa, da gira, da kafaɗa.

Da ta gama sakandare, karatun aikin lafiya ta nema a wata kwaleji a Birnin Kudu, ta tarar gurbi ya cika. Aka ce mata akwai sauran wuri a sashen wasan kwaikwayo. Ta koma gida tana kuka.

Malam Iliyasu ya ce, "Ke, karatu ai karatu ne. Je ki gani. In babu komai a ciki, gida yana nan."

Zangon farko bai yi mata daɗi ba, don muryarta ba ta fita. Malaminsu, Malam Mark, mutumin Filato ne da ya daɗe a Jigawa. Yakan tsaya can ƙarshen aji ya ce, "Khairiyya, da mu kike magana ko da hijabinki?" Sai 'yan aji su yi dariya. A jarrabawar sarrafa murya da ƙyar ta tsallake.

A zango na biyu aka zo darasin wasa babu magana. Kowa zai fito ya ba da labari bakinsa a rufe. Yawancinsu suka yi ta wurgi da hannuwa kamar masu korar ƙuda. Da aka zo kan Khairiyya, sai ta sunkuya ta shanya hatsin da babu shi, ta juya baya. Nan take ta zama akuya mai sanɗa, ta koma mai hatsi da muciya a hannu, sannan ta zama wata mata da ke leƙowa ta katanga tana rantse-rantse. Wani ɗan ajinsu, Ashiru, ya kasa daurewa, ya ce, "Wallahi akuyar maƙwabciya ce!"

Malam Mark ya taso. "A ina kika koyi wannan?"

"Labarin Innata ne, Malam. Haka ta ba ni shi da na je gida. Ba ta ji."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ban ɗauka abin faɗa ba ne."

Daga nan karatu ya zauna mata. Ta dage da gyaran murya har ana jin ta daga ƙofa, ta koyi rubuta wasa da tsara fage da jagorantar 'yan wasa. A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi zai shirya wasansa, ya nuna a gaban jama'a a wajen makaranta. Khairiyya ta ce nata a Wurno za a yi, kuma babu kalma ko ɗaya a ciki.

Malam Mark ya ce, "Mutane za su gaji su watse fa."

Ta ce, "In sun watse, akwai wadda za ta zauna."

Ta kwashi 'yan wasanta ta kai su gida su koyi maganar hannu. Inna A'i ta yi ta yi musu dariya, ta raɗa wa kowa suna da alamar hannu: Ashiru ta ja kunne, saboda manyan kunnuwansa; Juliet, wadda za ta fito a matsayin bebiya, ta nuna wushirya.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin firamare ya cika. Labarin wata bebiya ne da ta ga wuta ta kama rumbu, ta ruga tana faɗa wa mutane, kowa yana korar ta don bai gane ba. Da aka zo wurin wutar, tsoron taro ya kama Juliet, alamar wutar ta ƙi fita. Sai ga Inna A'i ta miƙe daga tabarma ta shiga fage. Ta riƙe hannuwan Juliet ta nuna mata, ta ga abin ba zai yi ba, sai ta ruga da kanta ta cafki rigar Ashiru tana nuna masa rumbu, idanunta a waje.

'Yan wasa suka dubi Khairiyya. Ta yi musu alama su ci gaba. Juliet ta koma gefe ta zama ɗaya daga cikin mutanen gari. Inna A'i ce ta ƙarasa wasan, har aka kashe wutar. Babu wanda ya tashi.

Mata suka ɗauki guɗa. Inna A'i ba ta ji ba, amma ta ga yatsunsu a hanci, ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Wani dattijo ya ce wa Malam Iliyasu, "Tun tana amarya muke tare da A'i a garin nan, ban san haka take da zance ba." Malam Iliyasu kuwa sai zagaya taro yake yana cewa, "Matata ce waccan. Wadda ta shirya kuma 'yata ce."

Khairiyya ta fita da sakamako mai kyau. Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Gwaram, kuma tana da ƙungiyar wasa da ta haɗa masu ji da kurame. Kwanan baya wani kurma mai gyaran keke, Dabo, ya taso daga Zandam ya same ta a makaranta. Ya jingine kekensa, ya tsaya a tsakar rana ya ba ta labarin shekarar da ambaliya ta ci gonarsa, yadda ya fitar da tumakinsa ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa. Da ya gama ya nuna ƙirjinsa, wato a mayar da labarin wasa, kuma shi zai fito a ciki. Shi suke gwadawa yanzu duk ranar Asabar, kuma Dabo ba ya yarda a rage masa ko tunkiya ɗaya.