'Yar Fari a Ɗakin Matar Akawu

Da matar akawu ta tare a gidan da ke jikin namu a Jibiya, ni na fara yanke mata hukunci, kuma ban ɓata lokaci ba. Kwana biyu suka ishe ni.

Zamanin nan Nasara bai daɗe da kafa turakunsa tsakaninmu da mutanen Maraɗi ba. Mu dai mun wayi gari an ce gonar kawuna tana ƙasar Faransa, rijiyarsa kuma tana wajenmu. Aka kawo wani akawu daga can bakin teku, aka kafa masa rumfa a bakin hanya yana rubuta fatake da jakunansu. Kiristoci ne shi da matarsa, su ne na farko da na taɓa gani ido da ido. Ran Lahadi sai su rufe ƙofa su yi ta waƙa, su biyu da ɗansu guda.

Waƙar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda take yi da yaron nan, ɗan farinta. Tun daga zaure take rangaɗa masa kira da sunansa. Ta ɗora shi a cinya gaban jama'a, ta ba shi abinci a baki. A wurinmu kuwa ɗan fari abin jin kunya ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da zamansa. Na kwashi labari na kai bakin rijiya, na ƙara masa gishiri, har muryarta nake kwaikwaya mata suna riƙe ciki. Duk da haka kullum ina leƙe ta darni muna hira, a bakina ma ta koyi rabin Hausarta.

Ni ma ina da 'yar fari, shekararta huɗu a lokacin. Tun yaye surukata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta in ce "waccan". Ita kuma Yaya take ce mini, don haka ta ji ƙannen mijina suna faɗi. Ina son yarinyar nan kamar raina, amma iyakata in zaɓi ƙosai mafi girma in ajiye inda za ta gani.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Tana ɗakin Inna ana ba ta jiƙo da rubutu, ni ina tsakar gida ina daka. Wanda ya ce mini ya mai jiki, in ce ya tambayi Inna. In na kai kunu sai in dire a bakin ƙofa, in saci kallo in juya. Ba abin da nake so a duniya irin in ɗauke ta in rungume, kuma ba hali.

Rana ta uku matar akawu ta shigo dubiya, ta tarar ina cilla taɓarya sama ina tafi. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta fita ko sallama babu. Kwana biyu in na gaishe ta sai ta kau da kai. Na ce a raina, ji wadda za ta yi mini yanga, ta je can ta ƙarata.

Rana ta biyar da hantsi na ji yarinyar tana sambatu. Na zagaya bayan rumbu wai zan ɗebo kara, na cusa bakin zane a bakina, na yi kuka har na gode Allah. Ashe matar akawu tana shanya a bayan darnin.

Da azahar sai ga ta, ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Ƙawa, ki yafe mini."

Na ce, "Mi kika yi man?"

"Na ce a zuciyata ke muguwar uwa ce, ba ki son yarinya. Har maigidana na gaya wa."

Wuta ta taso mini. Na ce, "Ni? Ke da ba ki san kunyar ɗan hwari ba, ke za ki ce man..." Sai na ji abin da ke fita daga bakina, na haɗiye sauran.

Ba ta yi fushi ba. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce a addininsu an gargaɗe su kada su hau kujerar alƙali a kan kowa, don wanda ke ganin cikin zuciya shi kaɗai ke da wannan kujera. Ta ce an koya musu mutum ya fara duban nasa laifin, kuma irin hukuncin da ya yi wa ɗan'uwansa, irinsa ke jiran sa. Ita kuwa ta ga taɓarya ta rufe shari'a. Mu ma malamanmu suna jan kunnenmu a kan mummunan zato, na sha ji. Amma ban taɓa ganin wanda ya tako da ƙafarsa ya nemi gafarar abin da mai shi bai ma san an yi ba. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "To ai nawa ya hi naki. Naki mutum guda ya ji, nawa duk matan rijiya."

Ta ce, "Na sani. Ran nan na ji kina yin muryata. Ba ki iya ba."

Muka yi dariya, ni da kumburarrun idanu. Ta tambaye ni, in na shiga na ɗauki yarinyar me zai faru. Na ce za a yi ta yi da ni har jikokina su ji. Sai ta miƙe ta nufi ɗakin Inna.

Ina ji tana cewa tana da maganin zazzaɓi na Turawa, mai ɗacin tsiya, amma sai a ɗakinta ake sha, kuma sai da mai riƙe yarinya. Inna ta ce ga ta.

"A'a, Inna, ƙafarki tana ciwo. Ga waccan tana zaune ba ta aikin komai, ta zo ta riƙe mini."

Inna ta leƙo, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Tashi ki bi ta. Baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba, sai haƙuri." Sai daga baya na tuna mijina ma ɗan farinta ne.

Yarinyar ta tashi bayan kwanaki. Ko maganin ne ko rubutun, Allah masani, Inna da matar akawu kowace ta ce nata ne. Ni dai yinin nan nake tunawa. Matar akawu ta ɗura mata maganin, ta ɗora mini ita a cinya, ta saki asabari, ta fita ta zauna a bakin ƙofa da ɗinkinta. Duk wanda ya zo sai ta ce magani ya hana shiga.

Jikin yarinyar zafi rau, ba nauyi ko kaɗan. Rabona da riƙe ta haka tun ranar da aka yaye ta. Na duba dama da hagu ko da yake na san ba kowa, na sunkuya na faɗi sunanta a kunnenta, a hankali.

Ta buɗe ido, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"